Gopal Krishna Gokhale: malamin lissafin da ya tsare Turawan mulki da tambaya a kan kasafin kuɗin Indiya

A zamanin da Turawan Ingila ke mulkin Indiya, majalisar dokokin ƙasar kan zauna a birnin Kalkata a ƙarshen watan Maris na kowace shekara domin duba kasafin kuɗi. Gwamna Janar ne ke shugabantar zaman. Baturen da ke riƙe da ma'aikatar kuɗi shi ke gabatar da abin da ya shigo baitulmali da abin da ya fita, sannan a bai wa ƴan ƙasar ƙalilan da ke cikin zauren dama su tofa albarkacin bakinsu. Dokar shekara ta 1892 ta yarda su yi magana a kan kasafin, amma ba ta ba su ikon kaɗa ƙuri'a a kansa ba, ba su kuma iya sauya ko rupi ɗaya a cikinsa.

Ranar 26 ga watan Maris na 1902, wani sabon ɗan majalisa mai shekara 35 ya miƙe a wannan zaure. A shekarar gwamnati ta samu rarar kuɗi mai yawa, waɗanda suka riga shi magana kuwa sun yi ta taya ta murna. Shi ya ƙi shiga sahunsu. Ya ce rarar ba alamar arziki ba ce, shaida ce cewa ana karɓar haraji fiye da kima daga hannun mutanen da yunwa ta gama galabaitarwa. Sunansa Gopal Krishna Gokhale, kuma daga wannan rana har kusan ƙarshen rayuwarsa shi ne mutumin da jami'an kuɗin mulkin mallaka suka fi shakkar tambayoyinsa.

Ɗan talaka mai kan lissafi

An haife shi ranar 9 ga watan Mayu na 1866 a ƙauyen Kotluk da ke yankin Ratnagiri, a yammacin Indiya, cikin jahar da a yau ake kira Maharashtra. Danginsa Brahman ne, wato rukunin malaman addinin Hindu, sai dai ba masu hali ba ne. Mahaifinsa ƙaramin ma'aikaci ne, ya kuma rasu tun Gopal na da shekara 13. Yayansa Govind ya bar nasa karatun ya kama aiki domin ƙanen ya ci gaba da makaranta. Da wannan ɗan tallafi ya yi karatu a Kolhapur, daga baya ya kammala a kwalejin Elphinstone ta Bombay, birnin da yanzu ake kira Mumbai, a 1884 yana ɗan shekara 18.

A lokacin, saurayin da ya samu irin wannan takarda aikin gwamnati ko aikin lauya yake nema. Gokhale ya zaɓi koyarwa. Ya tafi birnin Puna ya shiga wata ƙungiyar malamai ƴan ƙasa da ta kafa kwalejin Fergusson a 1885, inda kowane mamba ke ɗaukar alkawarin yin shekara 20 yana koyarwa a kan albashi kaɗan, wanda bai wuce rupi 75 a wata ba. Ya koyar da lissafi da Ingilishi da tarihi da ilimin tattalin arziki, har ya rubuta littafin lissafi na ƴan makaranta.

A Puna ya haɗu da alƙali Mahadev Govind Ranade, wanda ya zama ubangidansa a siyasa. Ranade ya hore shi da wani aiki da samari kan guje wa: karanta manyan rahotannin gwamnati shafi bayan shafi, da jera alƙaluman bana kusa da na bara da na shekara goma baya, da kuma ƙin furta maganar da ba za a iya kafa mata hujja ba. Gokhale ya shiga jam'iyyar Congress a 1889, shekara huɗu bayan kafa ta.

Shaida a Landan, da tuntuɓen da ya biyo baya

A 1895 gwamnatin Ingila ta kafa kwamiti ƙarƙashin Lord Welby domin binciken yadda ake kashe kuɗin Indiya, da yadda ake raba nauyi tsakanin Indiya da Ingila. Cikin mambobin kwamitin akwai dattijo Dadabhai Naoroji, ɗan Indiya na farko da ya taɓa zama ɗan majalisar dokokin Ingila. An gayyaci Gokhale ya ba da shaida a Landan a watan Afrilu na 1897.

Abin da ya gabatar ya shafi kuɗin da Indiya ke aikawa Landan kowace shekara: kuɗin ruwa na basussuka, fanshon Turawan da suka yi aiki a Indiya suka koma gida, kuɗin horar da sojojin Ingila da jigilarsu, har da albashin ma'aikatan ofishin da ke kula da Indiya a Landan. Ofishin da ke kula da sauran ƙasashen da Ingila ke mulka, baitulmalin Ingila ne ke biyansa, amma na Indiya talakan Indiya ne ke ɗaukar nauyinsa. Ya kuma nuna yadda ake ɗora wa Indiya kuɗin yaƙe-yaƙen da aka yi don faɗaɗa daular Ingila, irin su yaƙin Afganistan na 1878 da mamaye ƙasar Bama a 1885. Ya nemi a ba majalisar Kalkata ikon kaɗa ƙuri'a a kan kasafi, a kuma kafa hukumar da za ta riƙa sa ido a kan kashe kuɗin. Mambobin kwamitin sun yi masa tambayoyi masu zafi, ya amsa da alƙaluma. Rahoton ya fito a 1900 da ɗan rangwame kaɗan ga Indiya, amma sunan malamin na Puna ya riga ya fita.

A wannan tafiyar ce kuma ya yi babban tuntuɓe. Annobar da ɓeraye ke yaɗawa ta ɓarke a Puna, gwamnati ta tura sojoji suna shiga gidaje neman marasa lafiya, abin da ya fusata jama'a ƙwarai. Wasiƙu suka riƙa iske Gokhale a Ingila daga abokansa, har ya shaida wa jaridar Manchester Guardian cewa sojoji sun ci zarafin wasu mata biyu. Gwamnatin Bombay ta musanta. Da ya dawo gida, waɗanda suka rubuto masa suka ƙi fitowa su tsaya a kan maganarsu. Ya nemi gafara a bainar jama'a ba tare da wani sharaɗi ba. Turawa suka yi masa dariya, ƴan uwansa masu kishin ƙasa suka ce ya ba da su. Ya ja baya daga siyasa na ɗan lokaci, ya shiga aikin sa kai na jinyar masu annobar. Tun daga nan aka san shi da tantance kowane adadi kafin ya furta shi.

Daga ina rarar ta fito?

An zaɓe shi majalisar lardin Bombay a 1899, sannan a ƙarshen 1901 ya gaji Pherozeshah Mehta a majalisar ƙasa ta Kalkata. Indiya na fitowa ne daga manyan yunwa biyu, ta 1896 zuwa 1897 da ta 1899 zuwa 1900, waɗanda suka kashe miliyoyin mutane tare da dabbobin noma. Duk da haka, shekara bayan shekara baitulmali na nuna rara, Gwamna Janar Lord Curzon da jami'ansa kuma na cewa wannan hujja ce ta ci gaban ƙasa.

Gokhale ya warware lissafin dalla-dalla. Indiya na karɓar haraji da rupi na azurfa, amma tana biyan Landan da fam na zinariya. Tun daga shekarun 1870 darajar azurfa ke faɗuwa a duniya, saboda haka gwamnati na buƙatar ƙarin rupi domin sayen fam ɗin da za ta aika. Don cike giɓin ne ta ƙara haraji iri-iri: ta dawo da harajin kuɗin shiga a 1886, ta ƙara harajin gishiri a 1888, ta kuma sa harajin kayan da ake shigowa da su. A 1893 sai ta rufe gidajen buga kuɗi ga masu kawo azurfarsu, rupi ya yi ƙaranci, darajarsa ta tashi. A wajajen 1894 sai an ba da sama da rupi 18 kafin a samu fam ɗaya. Zuwa 1899 rupi 15 sun isa. Nauyin aika kuɗi Landan ya ragu sosai, amma harajin da aka ƙara a lokacin matsi yana nan daram. Wannan ce rarar da ake murna da ita.

Ya ce laifin biyu ne. Na farko, gwamnati na karɓar abin da ya fi buƙatarta daga hannun mabuƙata a lokacin wahala. Na biyu, rarar na rufe idon magabata a Kalkata da Landan, har su ɗauka cewa lafiya lau ake. Ya kawo alƙaluman gwamnatin kanta na mace-mace, da na amfanin gona, da na gishirin da kowane mutum ke ci, domin nuna cewa halin manomi baya yake yi. Da aka kafa hujja da ƙaruwar kuɗin harajin giya, ya amsa cewa yawan shan giya ba ya nuna wadata.

Gishiri, soja da layin dogo

Harajin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne na gishiri. Gwamnati ce ke riƙe da harkar gishiri, harajin da take ɗorawa kuma ya ninka kuɗin haƙo shi sau da yawa. Mai kuɗi da talaka kusan gishiri ɗaya suke ci, don haka nauyin ya fi danne wanda ba shi da komai, ga shi dabbobi ma na buƙatarsa. Tun 1888 ana biyan rupi 2 da rabi a kan kowane ma'auni na kusan kilo 37. Gokhale ya riƙa maimaita maganar kowace shekara. A 1903 aka rage shi zuwa rupi 2, a 1905 zuwa rupi 1 da rabi, a 1907 zuwa rupi 1. A 1903 ɗin kuma aka ɗaga iyakar waɗanda harajin kuɗin shiga ke hawa kansu daga rupi 500 zuwa 1,000 a shekara, abin da ya sauƙaƙa wa ƙananan ma'aikata da ƴan tireda. Gwamnati ba ta ce saboda shi ta yi ba, kuma jam'iyyar Congress ta daɗe tana wannan kira tun kafin zuwansa majalisa. Amma shi ne ya hana a ci gaba da cewa babu kuɗin yin rangwamen.

A ɓangaren kashe kuɗi, soja ne ke cinye kaso mafi girma. Hujjar Turawa ita ce tsoron Rasha daga arewa. Gokhale ya lura cewa an kwashi dubban sojoji daga Indiya zuwa yaƙin Afirka ta Kudu a 1899 da kuma ƙasar Sin a 1900, kuma babu abin da ya samu Indiya a bayansu. Ashe ke nan rundunar ta fi ƙarfin buƙatar ƙasar, ana ajiye ta ne domin hidimar daular baki ɗaya, don haka ya kamata Ingila ta biya nata kason. Bayan Japan ta ci Rasha da yaƙi a 1905, sannan Ingila da Rasha suka yi yarjejeniya a 1907, ya sake tambayar dalilin da ya sa kuɗin soja bai sauka ba. A nan bai samu biyan buƙata ba.

Ya kuma yi adawa da zuba rarar kuɗi a shimfiɗa layin dogo. A ganinsa layin dogo kasuwanci ne mai kawo riba, ana iya gina shi da bashi. Rarar da aka samu daga harajin talaka kuwa kamata ya yi ta koma ga ruwan sha, tsabtar garuruwa, makarantu da rage bashin da ke wuyan manoma. Haka nan ya soki harajin kashi 3 da rabi cikin ɗari da aka ɗora a 1896 a kan yadin da masaƙun Indiya ke saƙawa, wanda aka sa domin kada su fi masaƙun Lancashire ta Ingila araha a kasuwar Indiya kanta.

Curzon, wanda ba ya son a ja da shi, ya sha yin musu da Gokhale a zauren, amma ya yarda cewa abokin hamayya ne na gaske. A 1904 aka ba shi lambar girma ta daular. Hakan bai hana shi yin adawa da dokar jami'o'i ta wannan shekara ba, da kuma raba lardin Bengal gida biyu da Curzon ya yi a 1905.

Tsakanin Turawa da ƴan uwa

Shekara ta 1905 ita ce ƙololuwar tasirinsa. A watan Yuni ya kafa ƙungiyar Servants of India Society a Puna, wato ƙungiyar masu yi wa Indiya hidima, domin horar da samarin da za su sadaukar da rayuwarsu ga aikin jama'a a kan ɗan abin masarufi. A watan Disamba ya shugabanci babban taron Congress a birnin Benares.

Sai dai hanyarsa ba ta gamsar da kowa ba. Bal Gangadhar Tilak, tsohon abokin aikinsa a ƙungiyar malamai ta Puna, na ganin cewa jawabi a majalisar da ba ta da iko roƙo ne kawai, kuma Bature ba zai saki komai ba sai an ƙaurace wa kayansa an tayar da jama'a. Gokhale na ganin cewa tarzoma za ta ba gwamnati hujjar murƙushe kowa, kuma dole ƴan ƙasa su koyi aikin mulki kafin su karɓe shi. A taron Surat na Disamba 1907 rikicin ya fashe, aka yi jifa da takalma da kujeru, jam'iyyar ta rabu biyu. A shekara mai bi aka ɗaure Tilak shekara shida a Mandalay, abin da ya ƙara masa farin jini, ya kuma sa wasu ke kallon Gokhale a matsayin na hannun daman Turawa.

Shi kuwa ya yi ta zirga-zirga zuwa Landan yana ganawa da John Morley, ministan da ke kula da Indiya. Gyaran dokar 1909 ya faɗaɗa majalisar, ya kuma ba mambobi damar gabatar da shawara a kan kasafi har a kaɗa ƙuri'a. Amma jami'an gwamnati ne ke da rinjaye, ƙuri'ar ba ta ɗaure gwamnati, kuma kuɗin soja ba ya cikin abin da aka yarda a taɓa.

Dokar ilimi da ta faɗi

Da wannan ƴar dama ya tunkari abin da ya fi so. Ƙidayar 1911 ta nuna cewa wajen mutum 6 ne kawai cikin 100 suka iya karatu da rubutu a Indiya. A watan Maris na shekarar ya gabatar da daftarin dokar tilasta karatun firamare. Ya sassauta shi matuƙa: za a fara da yara maza masu shekara 6 zuwa 10, a garuruwan da hukumominsu suka nemi hakan kawai, gwamnati ta biya kashi biyu cikin uku na kuɗin, hukumar gari ta biya sauran. Ya kafa hujja da masarautar Baroda, wadda sarkinta ɗan Indiya ya riga ya tilasta karatun a ƙasarsa tun 1906.

Gwamnatocin larduna suka ce lokaci bai yi ba, kuma babu kuɗi. Wasu manyan masu filaye da ke majalisar suka bi bayansu. A watan Maris na 1912 aka kayar da daftarin da ƙuri'a 38 a kan 13. Ya san zai faɗi tun kafin a kaɗa ƙuri'ar, amma ya dage a kaɗa domin a rubuta matsayin kowa. Matsin lambar bai tafi a banza ba, domin a bikin da sarkin Ingila George na Biyar ya halarta a Delhi a Disamba 1911 an ba da sanarwar ware rupi miliyon 5 don ilimin talakawa. A 1918 lardin Bombay ya kafa doka mai kama da tasa. Sai a 2009 Indiya ta kafa dokar ƙasa da ta ba kowane yaro haƙƙin karatu kyauta kuma dole.

Harajin fam uku da haɗuwa da Gandhi

Yaƙinsa na ƙarshe shi ma a kan haraji ne, amma a Afirka ta Kudu. Ana kai talakawan Indiya lardin Natal aikin gonakin rake da kwantaragi, wanda kuma wa'adinsa ya cika ya ƙi komawa gida ko sabunta kwantaragin sai ya biya fam 3 kowace shekara, har da matarsa da manyan ƴaƴansa. Kuɗi ne da ya kai albashin lebura na watanni. A 1910 Gokhale ya sa majalisar Kalkata ta amince a hana ɗaukar irin waɗannan leburori zuwa Natal. A ƙarshen 1912 ya je Afirka ta Kudu bisa gayyatar wani lauya mai suna Mohandas Gandhi, ya gana da Firaminista Louis Botha da Janar Jan Smuts, ya fito da fahimtar cewa za a soke harajin. Gwamnatin ta ƙi cikawa. A 1913 Gandhi ya jagoranci yajin aiki da tattakin dubban leburori, Gokhale kuma ya bi biranen Indiya yana tara musu kuɗi duk da rashin lafiya. An soke harajin a 1914.

Gandhi ya dawo Indiya a watan Janairu na 1915. Gokhale ya shawarce shi ya yi shekara guda yana zagaya ƙasar yana sauraro kafin ya buɗe baki a siyasa, ya kuma yi masa alkawarin kuɗin kafa mazauninsa. Makonni kaɗan bayan haka, ranar 19 ga watan Fabrairu na 1915, ciwon sukari da na fuka suka yi ajalinsa a Puna yana da shekara 48. Ya bar ƴaƴa mata biyu, bai bar dukiya ba. Tilak, wanda suka daɗe suna saɓani, ya halarci jana'izarsa ya kuma yabe shi. Gandhi ya riƙa kiransa malaminsa na siyasa, Muhammad Ali Jinnah, wanda daga baya ya kafa Pakistan, shi ma ya ɗauke shi abin koyi a farkon siyasarsa.

Maganar gishiri ba ta mutu tare da shi ba. A 1916, ana tsakiyar yaƙin duniya na farko, aka sake ƙara harajin. A 1923 gwamnati ta nemi ninka shi zuwa rupi 2 da rabi. A lokacin majalisar ta samu ikon ƙuri'ar da Gokhale ya nema tun 1897, ta kuwa ƙi amincewa, amma Gwamna Janar Lord Reading ya yi amfani da ikonsa na musamman ya zartar. A 1930 Gandhi ya yi tattaki na kwana 24 daga Ahmedabad zuwa bakin teku a Dandi, ya ɗebi gishiri da hannunsa don karya dokar, aka kama dubun dubatar mutane a faɗin ƙasar. An soke harajin gishiri a 1947, shekarar da Indiya ta samu ƴancin kai. A Puna, a harabar ƙungiyar da ya kafa, akwai cibiyar nazarin siyasa da tattalin arziki mai ɗauke da sunansa tun 1930, kuma har yanzu tana koyar da ɗalibai.